Katin Costco: amsa ga Hajiya mai girkin sayarwa a Bronx

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bronx cikin birnin New York ta turo tambaya a kan katin Costco, wani babban kantin sari na Amurka da sai ka biya kuɗin kati na shekara kake sayayya a ciki, ga ta a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Ina girkin sayarwa, waina da dafa-duka da su miyar taushe, ana ba ni aikin suna ko walima kusan duk bayan sati biyu, a gida kuma mu shida ne har da yara. Nakan kuma ɗan tura wa ƙanwata kaya a duro tana sayarwa a Kano. Ƙawayena sun dame ni wai in yi katin Costco, wai asara nake tafkawa. Ni kuma abin na min nauyi, ya za a ce sai na biya kuɗi kafin a bar ni in shiga kanti in kashe kuɗina? Mota ɗaya ce kuma maigida ke fita aiki da ita. In yi ko in bari?"

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Amsata a gajarce ita ce ki yi, amma ƙaramin katin, na dala 65 a shekara, kuma kar ki yi shi yau, sai kin fara zuwa leƙe da biro da takarda. Yanzu bari in miki bayanin dalili, domin in kika yi shi a kan zugar ƙawaye kawai wallahi zai iya zama hanyar da kuɗinki za su riƙa zurarewa kina murna.

Da farko wannan nauyin da kike ji na biyan kuɗin shiga, ba laifinki ba ne, mu ba mu saba ba, a kasuwar Singa ta Kano babu mai tare ki a bakin hanya ya ce ina katinki kafin ki sari katan ɗin taliya. Amma su tsarinsu daban ne kuma in kika gane shi za ki san ta inda za ki ci su. Costco tun da aka buɗe shi a Seattle a 1983, da wani kanti irinsa mai suna Price Club da ya riga shi a 1976 wanda suka haɗe a 1993, dabararsu ɗaya ce, su ɗora riba 'yar kaɗan a kan kaya, abin da aka sani ba ya wuce kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, sai su samu kuɗinsu na gaske daga kuɗin kati. A shekarar kasuwancinsu ta 2024 kuɗin kati kaɗai ya kawo musu wajen dala biliyan 4.8, alhali duk ribar da ta rage musu bayan an cire komai wajen biliyan 7.4 ce. Kin ga ke nan kuɗin katin nan shi ne ƙashin bayan ribar. Kuma kayan da suke ajiyewa iri wajen 4,000 ne kacal, babban kanti na unguwa kuwa yakan kai iri 30,000, shi ya sa suke iya matsa wa kamfanoni su sauke musu farashi tunda abu ɗaya suke ɗauka tirela-tirela. To ma'anar wannan a wajenki ita ce araharsu gaskiya ce ba yaudara ba, amma kin biya kuɗin arahar tun kafin ki ganta, saura ki dawo da shi. Wanda ya yi kati ya je sau uku a shekara ya sayi tishu da ruwan roba ya dawo, shi ne yake ciyar da su.

Dala 65 in kika raba wata 12 bai kai dala 5 da rabi a wata ba. Ga gida mai mutum shida kuma ga girkin sayarwa, wannan ba komai ba ne, omo da pampas da ƙwai da madara kaɗai za su iya biyansa. Don haka ni ba katin ne ke damuna a lamarinki ba, motar ce. A cikin Bronx ɗin babu Costco, sai dai ki tsallaka East Harlem ko ki haura Yonkers ko New Rochelle, kuma wannan ba sayayyar da za ki rungumo ki hau jirgin ƙasa da ita ba ce, buhun shinkafa ne da jarkar mai da katan-katan, ko leda ba sa bayarwa sai dai kwalayen da suka sauke kaya. A ce, misali kawai nake ba ki, zuwa da dawowa a tasi ya ci miki dala 40, kina zuwa sau ɗaya a wata, dala 480 ke nan a shekara, ki haɗa da 65 ya zama 545. To kin ga katin da ake ce miki na 65 ne ya koma na 545, kuma sai ragin da kika samu ya haura wannan kafin a fara maganar riba. Ƙawayen da ke zuga ki, ki tambaye su, mafi yawansu suna da mota a hannu, kuma wasunsu rabin ribar da suke gani a man fetur take, don gidajen man Costco sun fi na waje sauƙi, ke kuwa wannan ribar sai in maigida ne zai riƙa sha a can. Saboda haka kafin komai ku zauna da Alhaji, in zai ware miki safiya ɗaya a wata ya kai ki ya dawo da ke, magana ta ƙare, katin ya biya kansa. Dama ana ba da kati na biyu kyauta ga mutum ɗaya da kuke adireshi ɗaya, sai ya karɓa, wani lokacin ma ki rubuta masa lis ya biya ya ɗauko in ya taso aiki. In kuma ba zai samu ba, to ki duba BJ's, wani kantin kati irin Costco, shi yana nan cikin Bronx kusa da filin wasan Yankee, katinsa dala 60 ne tun farkon 2025, kuma yana karɓar takardun ragi na kamfanoni wanda Costco ba ya karɓa, kayansa ma ba su kai na Costco girman ɗauri ba. Sam's Club na Walmart shi ma irinsu ne amma babu shi a cikin birnin, ki bar shi kawai.

Leƙen da na ce ki je, ga yadda za ki yi. Mai kati yana da damar shiga da baƙi biyu, sai ki bi ɗaya daga cikin ƙawayen nan. Kafin ki tafi ki tattaro rasit ɗinki na wata guda ko biyu, ki fitar da abubuwa goma zuwa sha biyar da kullum sai kin saya, shinkafa, man girki, fulawa, sukari, ƙwai, albasa, tumatirin gwangwani, kaza, omo, pampas, robobin zuba abinci, faranti da cokulan yarwa. Kar ki kwatanta kuɗin ɗauri da ɗauri, nan ake ruɗa mutane, ki kwatanta kuɗin laba ɗaya ko ƙwaya ɗaya, yana nan rubuce da ƙananan lambobi a jikin takardar farashin. Misali a ce buhun laba 25 dala 20 ne a can, senti 80 ke nan kowace laba, a shagon 'yan Afirka ko na 'yan Indiya da kika saba kuma buhun laba 50 dala 38, senti 76 ke nan, to wa ya fi araha? Lambobin nawa ne na misali amma irin haka na faruwa sosai, musamman a shinkafa da albasa da kayan ƙamshi, domin waɗancan shagunan su ma sari suke yi. Kuma ki kwatanta da inda kike saye da gaske. In dama kanti mai araha irin Aldi kike zuwa ko kina bin ranakun da aka karya farashi, tazarar da za ki gani ba za ta kai yadda ake zuzutawa ba, in kuma shagon kan kwana kike saye ɗai-ɗai duk lokacin da abu ya ƙare, to ke kam asarar da suke faɗa gaskiya ce.

Sannan ki sa a ranki ba za ki rabu da shagon 'yan Afirka ba. Babu daddawa a Costco, babu kuka, babu busasshiyar kuɓewa, babu manja irin namu, gero ma kar ki sa rai. Wato sayayyarki za ta rabu gida biyu ne, ba wai kin samu wuri ɗaya da zai ɗauke miki komai ba.

Inda na fi jin tsoro a kanki shi ne abin da ke faruwa bayan an shiga. An tsara wurin ne yadda sai kin ratsa talabijin da tukwane da barguna da kayan yara kafin ki kai ga abinci a can ƙurya, keken turawar kuma ƙato ne, abu uku in kika saka sai ki ga kamar ba ki sayi komai ba, ga masu ba da ɗanɗano a kowace kwana, ga kaya da ake canzawa kullum yadda zuciya za ta ce miki in ba ki ɗauka yau ba gobe babu. Mutum ya shiga don mai da ƙwai sai ya fito da rasit na dala 300 yana mamaki. Kuma kowane abu a ciki arha ne fa, ba a cuce shi ba, sai dai bai zo saye ba. Ke da kike juya jari wannan ya fi miki haɗari, don kuɗin da kika shiga da su sau da yawa kafin alƙalamin wani ne da ya ba ki aikin suna, in kika taɓa su kika sayi bargo to ranar girki za ki cike daga aljihunki. Abin da nake ba 'yan kasuwa shawara, ki biya kayan gida daban kayan girki daban, rasit biyu, ko da a layi ɗaya ne, mai karɓar kuɗin ba zai ƙi ba. In ba haka ba har abada ba za ki san nawa kwanon waina yake tsaya miki ba.

Sai wurin ajiya, wanda mutane ba sa lissafawa. Gidajen Bronx mun san su, kicin ɗin mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Kayan da ba sa lalacewa, omo, tishu, gwangwani, robobi, waɗannan ko ƙarƙashin gado sai a tura. Amma buhun albasa a ɗaki mai hita lokacin sanyi, sati biyu ya fara tsiro yana ruwa daga ƙasa, ganyen salak na babbar roba kwana huɗu ya yi yauƙi, burodi ɗauri biyu na biyun ya yi fumfuna. In kika zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kika saya da ragin kashi 15, kin faɗi, lissafi ne ba ra'ayi ba. Don haka ɗanyen kaya ki saye su ne kawai in akwai aiki a gabanki cikin kwana biyu uku, nama kuma sai in kina da firiza ta daban, in babu, ni a ganina sayen ƙaramar firiza ya fi miki katin gaggawa.

Tunda an zo maganar nama, ki riƙa duba tambarin halal da idonki a jikin ledar, kar ki dogara da an ce. Wasu rassan suna kawo kaza da rago na halal wasu ba sa kawowa, ya danganta da mutanen unguwar. Gasasshiyar kazar nan tasu ta dala 4.99 da kowa ke yabo, an ajiye ta ne don ta jawo mutane ciki, kuma ba a sayar da ita a matsayin halal, ke da kike ciyar da jama'a a taron suna amana ce a wuyanki.

Za su matsa miki a wajen rajista ki yi babban katin, Executive, na dala 130, za su ce ana dawo miki da kashi 2 cikin ɗari na abin da kika kashe. Gaskiya ne ana dawowa, har zuwa dala 1,250 a shekara, amma ki yi lissafin da kanki. Ƙarin da kike biya dala 65 ne, kafin kashi 2 ya kai 65 sai kin kashe dala 3,250 a shekara, wato wajen 271 kowane wata, kuma man fetur ba ya cikin lissafin. A nan ne fa kika dawo da kuɗinki kawai, ba ki ci komai ba tukuna. Mai yiwuwa ke ki wuce haka in girkin ya koma can gaba ɗaya, amma ba ki sani ba yanzu, ni ma ban ga rasit ɗinki ba. Ki fara da ƙarami, bayan wata uku ki tara rasit, in kin ga kina haura 300 a wata ba tare da kin ƙirƙiro sayayya ba sai ki ɗaga, ana ɗagawa kowane lokaci. Abin da ba na so shi ne mutum ya riƙa ƙara sayayya don wai ya cike ladan kashi 2, kashe dala 100 don a ba ka 2 ai ba dabara ba ce.

Amma Hajiya ga maganar da ƙawayenki ba su faɗa miki ba, don su masu sayayyar gida ne ke kuma 'yar kasuwa ce. Kayan girkin sayarwa asalin gidansu Restaurant Depot ne, wanda wasu ke kira Jetro, akwai shi a Hunts Point nan cikin Bronx, kuma katinsa kyauta ne ga wanda ke da takardun kasuwanci. Can ne masu gidajen abinci ke sari, buhun albasa laba 50, katan ɗin kaza laba 40, babbar jarkar mai, tiren alminiyom da murafensu, kuma suna ajiye naman halal. Sharaɗin dai sai kin yi wa sana'ar rajista. Ban san ko kin yi ba tunda ba ki faɗa ba, in ba ki yi ba to ki fara tunaninsa, domin banda wannan katin, sai da rajistar, har da ta harajin saye, za ki iya cike fom ɗin ST-120 na jihar New York, wanda ke nuna kayan na sake sayarwa ne sai a ɗauke miki harajin saye a kansu. Harajin nan a cikin birnin kashi 8.875 ne, yawancin ɗanyen abinci dama ba a ɗora masa, amma yawancin sauran kaya ana ɗorawa. Costco ma suna da katin 'yan kasuwa a kan dala 65 ɗin dai. Dokokin girki a gida don sayarwa kuwa magana ce mai zaman kanta, ki nemi wanda ya san ta a unguwarku ya zaunar da ke, kar ki bari sai wani ya kai ƙara.

To sai duro. Nan ne mutanenmu suka fi yaudarar kansu, a ga abu dala 15 a buga da canjin yau a ce ai a Kano ana sayar da shi ninki biyu. Ki ɗora masa haraji, ki ɗora rabonsa na kuɗin duron da kuɗin jirgin ruwa da na fito da shi da na mota daga Legas zuwa Kano, sannan ki tuna kuɗinki za su kwanta wata biyu ko fiye a hanya, su ƙara kwanciya a shagon ƙanwarki, wasu a ba da bashi, kuma ranar da za ta turo miki kuɗin ba lallai naira tana inda kika bar ta ba. Abin da ke tsira daga duk wannan shi ne ƙaramin abu mara nauyi mai daraja, wanda masu saye suka san sunansa suke kuma tsoron jabu, shi ya sa kayan Kirkland, tambarin Costco na kansu, suke tafiya a gida. Abu mai nauyi mai arha kamar omon ruwa ko man girki, kuɗin ɗaukarsa ya cinye ribar tun bai bar tashar jirgi ba. Ki duba ranar esfaya kafin ki saka a keke, duk abin da bai da shekara guda a gaba ki bar shi. Magungunan ƙarin lafiya masu laushin nan ki karanta bayansu, da yawa akwai gelatin a ciki kuma wani na alade ne, sannan shigo da irinsu da yawa don sayarwa hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ba abin da za a cusa a ƙasan duro a yi shiru ba ne. Kayan wuta kuwa, blanda da tukunyar lantarki da dutsen guga, na Amurka wutar 110 zuwa 120 suke ci, ta gida 220 zuwa 240 ce, a jona sau ɗaya a ji ƙauri, kuma damar mayar da kaya da ake yabon Costco da ita ba ta da amfani ga abin da ya riga ya isa Kano. Ki gwada da kaɗan, iri uku ko huɗu, ƙanwarki ta rubuta miki abin da ya fara ƙarewa da abin da ya kwana, kar ki cika duro da abin da ke ce ya burge ki.

In za ki sari na duron, ki koyi karanta takardar farashinsu. Wanda kuɗinsa ya ƙare da .97 an karya shi ne don a rabu da shi, in kuma kika ga 'yar tauraruwa a saman kusurwar takardar to ba za su sake kawo shi ba in ya ƙare. Yana da kyau ga ciniki na sau ɗaya, amma kar ki gina kwastomomi a kan abin da ba za ki sake samu ba.

Kar ki ce za ki riƙa aron katin ƙawa kina zuwa ke kaɗai, akwai hoto a jiki kuma tun 2024 suka fara saka na'urar duba kati a bakin ƙofa, kunya kawai za ki sha. In kin bi ta a matsayin baƙuwa ma ita ce za ta biya ku yi lissafi a waje. Wajen biya kuma, a katin bashi Visa kaɗai suke karɓa a cikin kantin, amma suna karɓar katin cire kuɗi na banki da tsabar kuɗi da EBT, katin tallafin abinci na gwamnati. Odar intanet ko a kawo miki gida ta manhajar Instacart farashinta ya fi na cikin kanti, kar ki yi lissafinki da na ciki sannan ki koma oda. Kuma in kin yi katin kika ga bai karɓe ki ba, ƙa'idarsu ce su mayar miki da kuɗin katin in kika je kika ce ba ki gamsu ba, sai dai ki kula da sabuntawa ta kai tsaye, in kin ba su lambar katin banki za su cire da kansu in shekara ta zagayo, ki saka ranar a wayarki wata guda kafin lokacin.

Ki turo min farashin abubuwan nan goma sha biyar na wuraren biyu in kin dawo daga leƙen, da abin da Alhaji ya ce game da motar, sai mu buga lissafin tare. Ki gaida yara.